Gurbin da Ko Kwaɗo Babu

Komai zan manta na shekarun da na yi ina aikin duba lafiyar ruwa, ban da ranar da aikin ya kai mu ƙauyen kawuna. Yanzu girma ya zo, har sunayen jikokina nakan cakuɗa, in kira wannan da sunan wancan su yi ta yi mini dariya. Amma wannan rana tana nan daram a raina, kuma ba na jin za ta gushe sai ranar da aka kai ni makwancina.

Lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba tukuna. Ban daɗe da gama makaranta ba aka ɗauke ni ƙaramar ma'aikaciya a wata tawaga da ke bin rafukan da ke zuba cikin tafkin Kainji, daga wajen Shanga har can ƙasar Ngaski, ana duba ko ruwansu na da lafiya. A garinmu Yelwa kuwa na sha zolaya. In na ce aikina duba lafiyar ruwa, sai a tambaye ni ko ruwa ma yana zazzaɓi ne. Inna, mahaifiyata, wadda sana'arta sayar da kifin banda, ita ta fi kowa. Takan dube ni da takalmin roba har gwiwa ta kama haɓa ta ce, "Ke dai, dut karatun ga da kinka yi, ga kamun kwaɗi za ki ƙare?" Ni kuma Allah bai yi ni da bakin shiru ba, sai in ce mata ai ita ma duk abincinmu daga cikin ruwan yake fitowa.

Gaskiyarta ta wani wajen, domin aikin ya yi kama da wasan yara. Mukan ɗebi ruwa a kwalabe a tura ɗakin awo, amma kafin sakamako ya dawo an daɗe. Abin da muke yi nan take shi ne mu shiga rafi mu birkice duwatsu, mu ja wata 'yar raga mai sanda a cikin laka da ciyawar bakin ruwa, mu juye abin da ta kamo a farin faranti. Shugabanmu, wani dattijo mai sanyin hali da muke kira Oga, ba Bahaushe ba ne amma yana jin Hausa daidai gwargwado, shi ya koya mini cewa ruwa mai lafiya yana da mazauna. In ka ga faranti ya cika da ƙananan ƙwari iri-iri suna wutsil-wutsil, ga 'ya'yan kwaɗi, ga katantanwa, ga ƙaguwa, to rafin na raye. In kuwa iri ɗaya ne tak ya yi yawa, akwai abin da ke damunsa. Tun da na fara aikin ban taɓa ganin faranti wayam ba, ban ma taɓa kawo wa raina ana samun haka ba.

A bazarar wannan shekara aka ce za mu bi wani rafi da ke gaba da garin Wara. Da na ji sunan wurin na yi murna, domin ƙauyen ƙanen Inna ne, kawuna, manomin albasa. 'Yarsa kuma taubashiyata ce, tare muka tashi, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. A lokacin ta dawo gidan mahaifinta goyon ciki, cikinta na fari, ya kuma tsufa. Inna ta ƙulla mini daddawa da kifi da zani in kai mata. Tana miƙo mini ƙullin ta rage murya ta ce, "Ki duba man yarinyar ga da kyau. An ce ba ta jin daɗi, wai iska na. Hankalina bai kwanta ba." Na ce mata laulayin ciki ne kawai, da ma can ita raguwa ce.

Mun yi sammako a motar aiki, ni da Oga da direba. Rafin farko da muka tsaya a hanya ba shi da kyan gani ko kaɗan. Shanu sun dama shi ya yi ja, ga kashinsu a gefe, ga gansakuka. Amma da na juye raga, farantin ya cika taf da rai. Oga ya yi murmushi ya ce wannan ƙazami ne amma lafiyarsa lau.

Da hantsi muka isa rafin su kawu. Rani ya riga ya yanyanka shi, ba ya gudu, sai guraben ruwa nan da can a cikin yashi. Babban gurbin, wanda duk ƙauyen ke sha, yana ƙarƙashin wasu manyan itatuwa. Da ma ga tafki can, amma a bazara yakan ja baya ya bar laka mai nisa, mata ba sa iya zuwa da tulu. Ina hango gurbin na ce masha Allah. Ruwa garau, kana ganin tsakuwar ƙasa kamar ka miƙa hannu ka ɗauka. Direba ya zaro moɗarsa yana cewa yau zai sha ruwan kirki. Ni kuma har da fahariya, ina gaya musu ai ruwan garin kawuna ne, ba irin kwatamin da muka baro ba.

Oga ne ya ɗaga hannu ya ce wa direba ya dakata. Ya tsaya yana saurare. Sai a lokacin na lura da shirun wurin. Kowane gurbi a bazara ba ka rasa kwaɗo ya yi tsalle ya faɗa ruwa in ka matso. Nan babu. Babu tsuntsu ko ɗaya a bakin ruwan, babu ƙwarin nan masu yawo a saman ruwa. Na duba laka, sawun mutane ne birjik, amma ba sawun saniya ko akuya, alhali hanyar makiyaya na wucewa kusa.

Na shiga na ja raga, na juye a faranti. Yashi da ruɓaɓɓen ganye. Na ce ko ban iya ja ba ne yau, na koma wani gefen na sake. Yashi. Na cusa ragar cikin saiwoyin itace, inda ko a rafin da ya fi kowane lalacewa ake samun wani abu. Abin da ya fito kwanson katantanwa ne, farare, ba kowa a ciki. Na birkice dutse, ƙarƙashinsa fes kamar an wanke da soso.

Oga ya ɗebo ruwan a tafin hannu ya sansana, ya ce in sansana. Akwai wani ɗan wari can ƙasa-ƙasa, mai kama da na kananzir, wanda in ba ka nema ba ba za ka ji ba. Muka taka zuwa wani ɗan gurbi da ke sama da wannan, tafiya kaɗan. Ja ɗaya na yi, 'ya'yan kwaɗi suka cika faranti. Oga ya ce, "To, ba daga sama abin yake gangarowa ba. Nan wurin ake zuba shi. Kuma ba sau ɗaya ba." Muna dawowa muka tarar da mata sun zo da tuluna, wata ta duƙa tana ba ɗan goyonta ruwan da hannu. Na daka mata tsawa ban san na yi ba, har yaron ya fashe da kuka. Matan suka bi ni da kallo kamar mahaukaciya. Oga ya roƙe su su dakata da ɗiba, ya ce mu je mu ga manyan gari. Na ce mu fara ta gidan kawu, shi zai kai mu.

Oga da direba suka zauna a zaure, ni na shiga ciki. Na shirya tsokanar da zan yi wa taubashiyata tun daga Yelwa, zan ce mata ta zama randa. Da na ɗaga labulen ɗakin sai na fasa. Tana kwance a tabarma, ta rame sai ciki, ga ƙyalle a hannunta tana ta share yawun da ke zubo mata. Ta yi ƙoƙarin murmushi ta ce, "'Yar birni, kin zo kamun kwaɗinmu?" Muryar ba tata ba ce. Na kama hannunta, yatsun suna rawa. Ga gumi ya jiƙa ta sharkaf. Ta ce kanta kamar zai tsage, ido ba ya gani sosai, kome ta ci sai ya dawo.

Mahaifiyarta ta ce sun yi turare, sun karɓo rubutu, abin sai gaba. Ta ce ai ba ita kaɗai ba, yara da yawa a gari suna fama da ciwon kai da amai, ita kanta takan ji jiri, amma na mai cikin ya fi na kowa, shi ya sa ake ganin iskokin ruwa ne suka taɓa ta. Tana magana ta ɗebo mini ruwa daga wata 'yar randa da ke cikin ɗakin, wadda aka ware wa mai ciki ita kaɗai. Na kai moɗar hanci don in sansana. Warin nan ne na gurbi, amma ya ninka shi, har ya bugi hancina.

Daidai nan kawu ya shigo daga lambu, fuska cike da fara'a. Mutum ne mai son mutane, ko kaza ba ya iya gani ana yankawa. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, akwai wanda ke zuba wani abu a gurbin nan naku." Na zaci zai firgita, ko ya fara zargin wani. Sai ya washe baki ya dafa ƙirji.

"Ashe kun gane? Ai ni na, ɗiyata. Ni ka zuba mai magani. Kin ga yadda yay yi garau ko?"

Ban fahimta ba da farko. Na ce wane magani? Ya shiga rumbu ya fito da galan, ya ajiye a gabana yana share masa ƙura da hannun riga. Maganin feshin albasa ne, irin mai ƙarfin nan da ko masu feshi ake cewa su rufe hanci. Ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa a jiki.

Ya zauna a kan turmi ya ba ni labari, da jin daɗin mutumin da ya yi abin kirki aka gano. Na san kurkunu ya taɓa kwantar da shi damina guda cur, tsutsar ta fito masa a ƙafa biyu, gonarsa ta mutu a ciyawa, gidan suka sha wuya. Rabin ƙauyen haka suke yi kowace shekara. To, sai wasu ma'aikatan lafiya suka zo, suka auna gurbin da igiya, suka zuba magani daga wani galan. Suka dawo suka sake. Shekarar da ta biyo kurkunu ya ragu ƙwarai. Daga nan ba a sake ganinsu ba.

"Munka jira, munka jira, shiru," in ji kawu. "Sai munka zamna da mai gari, anka ce ai mun ga yadda suka yi. Maganin ƙwari na sunka zuba. Mu ma muna da maganin ƙwari. Nit tambayi mai saidawa ranar kasuwa, nic ce shina kashe ƙwarin ruwa? Yac ce babu ƙwaron da ba ya kashewa. Tun sannan ko wace kasuwa ina zuba gwangwanin madara guda, da sassahe kahin mata su hito. Bana ko mutum ɗaya bai yi kurkunu ba."

Na nuna 'yar randar da hannu. Na ce, "Wannan fa?"

Ya dubi 'yarsa da wani irin tausayi ya ce, "Ita ai rai biyu gare ta. In kurkunu yak kama ta da cikin ga, ina za mu sa kanmu? Shi as sa nika ƙara mata nata daban. Tsinken tsintsiya nika tsomawa in ɗiga mata, ɗan kaɗan, dut sahiya."

Ina kallon mutumin da ya goya ni ina ƙarama, yana gaya mini yadda yake ba 'yarsa guba kowace safiya, yana jiran in ce masa Allah ya yi albarka. Abin da na iya kawai, na shiga ɗakin na rungumo randar na fito da ita na buga da ƙasa. Matar kawu ta sa salati. Kawu ya miƙe ya ce, "Ke, lahiya? Mi kika yi haka?"

Sai maganar ta ɓarke mini, da kuka tare. Na ce, "Kawu, ba iska ba ce! Wannan abin ne! Na ma'aikatan lafiya daban ne, an yi shi don ruwan sha, kuma da awo suke zubawa. Wannan guba ce, mutum take kashewa. Ya kashe duk abin da ke cikin gurbin, ko kwaɗo babu, yanzu ku ya juyo wa."

Ya dube ni, ya dubi galan, ya dubi ƙofar ɗakin. Ya ce, "A'a." Ya sake cewa, "A'a, ɗiyata, magani na." Na kira Oga ya shigo, ya duƙa ya ɗaga fatar idon yarinyar, ƙwayar idon ta tsuke ta zama ɗan ɗigo. Ya juyo ya ce wa kawu a hankali, da 'yar Hausarsa, "Baba, gaskiya ta faɗa. Mu tafi asibiti yanzu, kada mu jira." Kawu ya sulale ya zauna daɓas a cikin ruwan randar da ya malale, bai ma san a jiƙa yake ba.

Oga ya tsaya a ƙauyen don ya ga mai gari a hana ɗiban ruwan. Mu kuma muka shimfiɗa ta a bayan mota, kanta a cinyata, kawu a gaba rungume da galan domin Oga ya ce a nuna wa likita. Hanyar Wara zuwa Yelwa a wancan zamani sai wanda ya bi ta. Kowane rami muka faɗa sai ta yi nishi ta damƙe hannuna. Ina ta yi mata surutu don kada ta yi shiru, ina ce mata in ta kuskura ta mutu ban yafe ba, wa zan riƙa tsokana. Kawu bai juyo ba ko sau ɗaya, leɓɓansa kawai ke motsi.

Likita na ganin galan bai tsaya dogon tambaya ba, aka shiga da ita aka fara allurai. Inna ta iso ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Da na gaya mata abin da ya faru ta buɗe baki za ta yi wa ƙanenta faɗa, sai ta dube shi a rakuɓe jikin bango ta fasa. Ta je ta zauna kusa da shi.

Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi. Amma bayan 'yan kwanaki naƙuda ta zo mata ba lokaci ba, ta haifi ɗa namiji, bai zo da rai ba. Likita bai ce ga dalili kai tsaye ba, ya ce Allah ne masani. Kawu ya same ni a bakin ɗakin ya ce, "Ɗiyata, ke kin yi karatu, kada ki ɓoye man. Ni nik kashe shi?" Na ce masa kwana ne ya ƙare, kuma da niyyar ceto ya yi. Ya girgiza kai ya ce, "Ba shi nit tambaye ki ba." Har yau ban san amsar da ta fi wadda na ba shi ba.

A ƙauye an shinge gurbin da ƙaya, aka koma tonon ruwa a yashi can sama, ana tacewa da ƙyalle. Aka kwaso yaran da ke ciwo aka duba su, duk suka warware. Da sakamakon kwalabenmu ya dawo ya tabbatar da abin da muka riga muka sani. Ba wanda ya kai kawu ƙara, domin shawarar ta gari ce gaba ɗaya, shi dai hannunsa aka ara. 'Yarsa ma ba ta taɓa riƙe shi a rai ba, daga baya ta haifi 'ya'ya, har ta sa wa ɗaya sunansa.

Shi ne bai yafe wa kansa ba. Ya bar noman albasa. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma har ya koma ga Allah bai ƙara miƙa wa wani ruwa da hannunsa ba. In baƙo ya sauka a zaurensa, sai ya ƙwala kira a kawo, ko da moɗar na kusa da ƙafarsa. Na taɓa ganin jikarsa, 'yar taubashiyar tawa, tana kuka tana nuna randa, shi kaɗai ne kusa. Ya tashi da sandarsa ya zagaya har bayan gida neman wanda zai ba ta.

Abin da na koya ranar ya bi ni har na bar aiki. Ban ƙara yarda da ruwa don ya yi kyan gani ba, sai na ga abin da ke rayuwa a cikinsa. Kuma ban ƙara yin wani aiki a gaban mutanen ƙauye na shiga mota na tafi ba tare da na zauna na gaya musu abin da na yi, da dalilinsa, da abin da bai kamata su gwada ba in na tafi. Mutane suna kallon hannunka, kuma ranar da ka daina zuwa za su ci gaba da abin da suka gani, da abin da ke rumbunsu, a kan waɗanda suka fi so.